Wa Ya Ba Ɗalibinmu Taramol?

Duk sa'ad da aka ga yaro yana tangaɗi a filin taro, ko ya kifa kai bisa benci tun da hantsi, hukunci ɗaya ake yankewa: a kore shi, a ce malamai sun yi sake da tarbiyya. Mu malaman Yako da kewaye mun ƙi wannan shari'a. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a aji ake sayar da ƙwayar nan ba.

A ƙauyukanmu, daga Kiru har Doguwa, mai kemis ne likitan farko. Shi ke jin koke, shi ke zaɓen magani, ya ƙirga shi a leda ba takarda, alhali lasisinsa bai ba shi ikon sayar da taramol ko kodin ba. Yaro ya dawo daga ƙwadagon masara jiki na ciwo, uwa ta aika da kuɗi da kyakkyawar niyya. Nan ake soma sabo.

Iyaye, ku ji abin da ba a gaya muku. Hanta ce ke juya kodin ya koma mofin, kuma jikin wasu yara yakan yi haka da sauri har numfashi ya tsaya. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko taramol. Mu nan sai a watan Mayun 2018, bayan BBC ta tona asiri, gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Taramol kuwa, NAFDAC miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da su, amma mai 225 ake ta kamawa.

Ba mu ce a bar mai amosanin jini yana murƙususu ba. Wannan yaro haƙƙinsa ne a ba shi magani mai ƙarfi, a asibiti, bisa awon likita.

Bukatarmu ita ce hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, PCN, ta sauko daga birni ta duba shagunan Kwanar Dangora da Tudun Wada. Ɗalibin da ya kamu kuma a nema masa magani, tunda ga cibiyar gyaran hali nan a Kiru, maimakon a miƙa masa takardar kora ya koma tasha, kusa da mai sayarwa.