Sana'a Sa'a: Ɗan Bakin Da Ke Sa Ƙarfe Magana

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk wanda ya taɓa halartar faretin ranar 1 ga Oktoba a Dandalin Eagle da ke Abuja ya ga 'yan badujala ɗauke da wani abin busa mai lanƙwasa, mai walƙiya kamar zinariya, wanda ake kira sakisofon. Idon 'yan kallo a kan ƙarfen yake, alhali kuwa asirin muryar yana cikin ɗan bakin nan baƙi da mabushi ke sawa tsakanin leɓɓansa, wanda tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa da yawa ba.

Wani mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙago wannan abin busa, ya kuma yi masa rajista a birnin Faris cikin 1846. Shi bakin, galibi da taurarriyar roba ake yinsa, watau roba da aka dafa da farar wuta har ta yi ƙarfi, wani lokaci kuma da ƙarfe. A ƙarƙashinsa ake ɗaure wani siririn harshe na kara, irin wanda ake nomawa a kudancin Faransa. Iska na bi, harshen na kaɗawa, sai murya ta fito.

To, inji yana fitar da siffar bakin, amma hannu ke ƙarasa shi. Gwani yakan shimfiɗa samfefa bisa gilashi, ya goge wurin da harshen ke kwanciya har ya miƙe sarai. Sa'an nan ya auna 'yar ƙofar da ke tsakanin harshe da tsinin baki, wadda faɗinta milimita 2 ne ko kusa da haka. Idan ƙofar ta yi faɗi, murya ta yi ƙarfi amma ta ci numfashi. Idan gefe ɗaya ya ɗara ɗaya, ko da kaurin gashi ne, iska ta zurare, sai a ji ƙara kamar ta ɗan tsako. Daga nan ya sa magagari a ciki: rufin da ya matso kusa da harshe yana ba da murya mai kaifi, ciki mai faɗi kuwa murya mai kauri. Abin da aka kankare ba ya komawa, don haka mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Ai ko kusa ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Mai algaita a fadar Kano ko ta Sarkin Zazzau na Suleja shi ma da ɗan harshe yake aiki, sai dai nasa tagwaye ne. Yakan zaɓi karan, ya fere, ya gwada, ya sāke ferewa, har algaita ta iya faɗin kirarin sarki mutane su gane. Ba da ma'auni yake yi ba, da kunne ne da gado. Shahararren mabushin sakisofon na Amurka, Yusef Lateef, ya san darajar wannan, shi ya sa ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kaɗe-kaɗe da bushe-bushen ƙasar nan, musamman sarewa.

Abin takaici shi ne, bakunan da mabusan Abuja ke alfahari da su, irin su Selmer da Vandoren na Faransa da Otto Link na Amurka, duk da kuɗin waje ake sayo su. Wanda ya faɗi ya ɓantare a tsini, sau da yawa sai a jefar, alhali hannun da ya ƙware yana iya gyara shi.

Ya kamata Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta haɗa tsofaffin masu algaita da samarin makarantun koyon sana'a a rumfa ɗaya. Tsoho ya kawo kunne, yaro ya kawo ma'auni. In an yi haka, an tsare gado, an kuma samar wa matasa abin yi. In kuwa an bari tsofaffin suka tafi da abin da ke kansu, ba jirgin da zai kawo shi daga Turai. Allah Ya sa a farga da wuri, amin.