Zuwa Ga Matasanmu Masu Zanen Gine-gine



Kun iya lissafin rodi da siminti fiye da yadda muka taɓa iyawa, Allah Ya ƙara basira. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun da gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin lantarki a 2017 kuka rabu gida biyu. Wasu na cewa in aka tilasta ta, talaka ya yi ban kwana da mallakar gida. Wasu kuma sun mai da ita hanyar lafta wa mai gida kuɗi: sola, gilashi mai tsada, kayan rufi daga waje. To me ƙa'idar ta nema? Kada taga ta cinye bango, a yi mata inuwa, a tare zafin rufi. Wanne ne a ciki sai da dala?

Ku ne kuke jera bulo mai rami, ku kifa kwano ba silin kirki, ku buɗe gilashi yana kallon yamma, a garuruwan da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ɗaki ya zama tanda, sai ku ce a sayo na'urar sanyi, ita kuma ta jawo janareta da man fetur. Daga zanenku tsadar nan ta fito, kada ku ɗora wa doka.

Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ƙasa da azara ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Masallacin Yaama da Falke Barmou ya gina a Nijar ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ku kuwa da an ce tubali sai ku yatsine fuska, kamar ba a soro aka yi goyon iyayenku ba. Wallahi abin yana mini ciwo. Masu haɗa makuba suna ƙarewa, ba mai tambayarsu.

Ku yi haƙuri da zafin harshena. Na sani ginin ƙasa yana son yaɓe, ruwa kuma yana cin gindinsa. Ai nan iliminku zai yi rana: harsashin dutse, indararo mai tsawo, bulon jar ƙasa da aka matse da ɗan siminti, irin wanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka gina gidaje da shi a Yamai. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a 2024. Kafin ku sake cewa doka ce ta hana malamin makaranta gini, ku zana masa ɗaki biyu na jar ƙasa, ku yi lissafin, ku kawo mu duba tare.

Wassalam,
Babanku, tsohon magini.