Wasiƙa Daga Birniwa: A Yi Wa Littattafai Rumbu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau maganata a kan ɗakunan karatu ce, da yadda za mu riƙe su ba tare da mun ɓata dukiya ko mun ɓata ƙasa ba. Malaman makaranta, da akawuna, da malaman zaure, da ku na ke.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya na shiga ɗakin karatu na wata makaranta a ƙasarmu ta Haɗejiya, ba sai na faɗi sunanta ba. Ginin bulo ne da siminti, an rufa shi da kwano, ga fankoki a sama, ga manyan tagogin gilashi. Amma fankokin ba su juyawa, domin injin da ya ke ba su wuta ya kwana biyu bai ga mai ba. Zafin da ke ciki kuwa, ban yi minti goma ba sai da gumi ya jiƙe mini riga. Na jawo wani ƙamus daga kantar ƙasa, sai bangon ya biyo hannuna shi kaɗai, cikin duk gara ta mai da shi ƙasa. Da na koma gida na sauko da gafakar kakana, wadda ta ke rataye a soro tun ban san kaina ba, na buɗe. Takardun suna nan garau, baƙar tawada da ja kamar bara aka rubuta. Sai na ce a raina, ashe akwai abin da magabata suka sani wanda mu muka yar.

Abokan gaban littafi a wannan ƙasa huɗu ne: zafi, da laima, da gara, da ƙura. Takardun da kakanninmu suka yi rubutu a kai da tsumma aka yi su, da yawansu daga Italiya suka fito, fatake suka ƙetaro da su hamada ta hanyar Tarabulus. Takardar yanzu kuwa yawanci da itace a ke yinta, akwai tsami a jikinta, zafi ya kan sa ta yi ja ta riƙa kakkaryewa. Ga shi kuwa da bazara zafinmu ya kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Laima kuma in ta yi yawa a ɗaki, fumfuna ta kan hau takarda cikin kwana biyu ko uku.

Kada wani ya ce ai mu ƙasar rairayi ce, ina mu ina laima. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sake. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har ya zama in damina ta yi ƙarfi ruwa ya kan bi inda bai saba bi ba. Kowa ya tuna ambaliyar 2020 da ta 2022, sa'ad da gonaki da gidaje suka nutse a ƙasar nan, samari suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga don su tsare garin Haɗejiya. Wanda bai iya fid da hatsinsa ba, yaushe zai tuna da littafi?

To, maganin da muka aro shi ne mu yi gini mai zafi, sa'an nan mu sayi inji mu sanyaya shi. Wannan kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Wace makaranta ce a ƙauye za ta iya ciyar da inji kullum? Ko da ta iya, hayaƙinsa ya kan ɓata iska, ƙararsa ta hana mai karatu natsuwa, baƙin man da a ke zubarwa kuma ya shige ƙasa inda rijiyoyinmu su ke.

Akwai wata hanya, kuma ba a nesa aka gwada ta ba. A garin Dandaji, cikin jihar Tawa ta ƙasar Nijar, garin Hausawa ne kamarmu, tsohon masallacinsu na ƙasa ya yi musu kaɗan, ya kuma soma lalacewa. Maimakon a rushe shi, sai wasu mata biyu masanan zanen gini, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa wanda a ke matsewa ba a gasawa. An gama aikin a 2018, kuma da maginan wurin aka yi shi. Kaurin bango da tsawon rufi da hanyoyin iska su ne su ke rage zafin ɗakin. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya ma, wadda a ke kira IFLA, tun 2016 ta ke ba da kyauta ga ɗakin karatun da ya fi kiyaye muhalli. Watau abin da mu ke rainawa a gida, shi duniya ta ke nema yanzu.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba daga littafin Turawa na fara samo ta ba, daga rumbu na samo ta. Manomi ba ya aza rumbu a ƙasa, sai ya ɗora shi bisa duwatsu, don kada laima ta taso, don kuma in gara ta soma gini ya gan ta. Littafi ma hatsi ne, haka ya kamata a yi masa.

Na fari, wurin gini. A zaɓi tudu, a ta da daɓe ya fi ƙasar waje tsawo sosai. A yi bango mai kauri da tubali ko bulon ƙasa, wanda rana kaɗai ta ke busar da shi, ba a sare itace ko ɗaya don gasa shi. Inda ginin kwano ya riga ya tsaya, a yi masa silin, a bar kafofi a sama don iska mai zafi ta fita. A yi yaɓe a gyara indararo kowace shekara kafin ruwan fari ya sauka.

Na biyu, kantoci. Kada kanta ta taɓa bango, kuma kada littafi ya sauko ƙasa da kamu ɗaya daga daɓe. Littattafan da ba a iya samun madadinsu, kamar rubutun hannu na malamai da tsofaffin takardun En'e, su zauna a can sama. Kowace Asabar ɗalibai su share bayan kantoci su duba ko gara ta ɗaga. Ido da tsintsiya sun fi gubar feshi, wadda mai karatu zai shaƙa ya kuma shafa a yatsa.

Na uku, inuwa. A dasa darbejiya, wadda wasu ke kira maina, gabas da yamma da ɗakin, amma a ba ta tazara don kada saiwa ta tsaga gini. Mutanen Indiya, inda itacen ya fito, sun daɗe suna sa busasshen ganyensa cikin littattafai don korar ƙwari. A ƙulla shi cikin ƙyalle mai tsabta a ajiye a kanta. A sa wa tagogi raga, a buɗe su da sassafe da maraice, a rufe su da tsakar rana da kwanakin hazo.

Na huɗu, fitila. Rana ba ta yi mana rowa ba. Faifan sola ɗaya ko biyu da batir sun isa su kunna ƙananan ƙwayaye masu cin wuta kaɗan, yara su yi karatun dare. Amma in batirin ya mutu, kada a jefa shi a juji, kada kuma a bar yara su fasa shi, gama akwai dalma a cikin irin wanda aka fi saye. A mayar wa masu sayarwa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ta fito daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Na biyar, gyara. Littafin da bangonsa ya yage bai mutu ba. Dukawanmu da suka iya tadarishi da gafaka za su iya ɗinke shi, kuɗin kuma ya tsaya a gari. Makarantu uku ko huɗu su riƙa musayar akwatin littattafai kowane zango, ba sai kowace ta sayi nata ba.

Na shida, shirin ranar ruwa. A 1966 kogin Arno ya cika ya shiga babban ɗakin karatu na birnin Fulorans a Italiya, ya ɓata littattafai da takardu fiye da miliyan ɗaya, aka yi shekaru ana gyara. In haka ta sami masu hali, ina ga mu? Tun watan Yuli a tanadi akwatunan ƙarfe, a san wanda zai ɗauka da inda za a kai. Littafin da ya jiƙe kuwa kada a shanya shi a rana, zai kumbura ya lanƙwashe. A tsai da shi a inuwa inda iska ta ke kaɗawa, a buɗe shi kamar mafici, kuma a yi haka tun ranar, kafin fumfuna ta riga mu.

Na san wani zai ce ginin ƙasa na matalauta ne, ba ya kama da ci gaba. Ni kuwa ina tambayarsa, wanne ya fi kama da ci gaba, ɗakin siminti da ba a iya zama cikinsa, ko soro mai sanyi cike da yara suna karatu? Ina roƙon hakimai da dagatai da shugabannin makarantu, duk sa'ad da za a gina ɗakin karatu ko a gyara wani, a kira tsofaffin maginan gari a zauna da su tun kafin a ja igiya. Ku kuma malamai masu littattafan gado a zaure, ku sauko da su kafin damina ku duba, kada magada su buɗe su tarad da ƙasa.

Wanda ya ke da wata dabara ta tsare littafi wadda ban ambata ba, ya rubuto ta wannan fili mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Ɗan Birniwa.