Sikelin Auna Kitse da Ɗalibar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

A 'yan shekarun nan wani irin sikeli ya shigo garuruwanmu. Ana ganinsa a manyan kantunan magani da gidajen motsa jiki, har ma a hannun masu tallar maganin rage teɓa. Mutum zai tuɓe takalmi ya taka wasu faya-fayen ƙarfe, kafin ya ƙirga goma na'urar ta ce kitsen jikinsa kashi kaza ne cikin ɗari. Kwanakin baya wata ɗalibata ta kawo mini irin wannan sakamako hankalinta a tashe, wai kitsenta ya wuce kima, har ta daina cin abincin dare. Na tambaye ta yaushe ta hau sikelin. Ta ce da azahar, cikin tsananin zafin Afrilu, kuma rabonta da ruwa tun asuba. Nan na gane inda gizo ke saƙar.

Duk ɗalibin da ya karanta dokar Ohm zai iya fahimtar wannan na'ura. Tana tura ɗan siririn lantarki, wanda bai kai miliamfiya 1 ba, ya shiga ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗaya, sa'an nan ta auna turjiyar da ya gamu da ita a hanya. Tsoka da jini cike suke da ruwa mai gishiri, don haka lantarki yana ratsa su cikin sauƙi. Ɓangaren jikin da ba kitse ba, kusan kashi 73 cikin 100 nasa ruwa ne. Shi kuwa kitse ruwansa kaɗan ne, sai ya tare hanya. Ashe ke nan ruwan jiki na'urar take aunawa. Daga nan sai ta haɗa da tsawo da nauyi da shekaru da jinsin da aka faɗa mata, ta yi lissafi, ta kintaci kitsen. Jikin da ya bushe da ƙishi turjiyarsa takan hau, na'ura kuwa ba ta san ƙishi ba, sai ta rubuta shi a matsayin kitse.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita Bafaranshe mai suna Thomasset ya gwada auna ruwan jiki da lantarki tun 1962, kuma a 1994 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka tara masana a kanta, suka nuna cewa amfaninta ya dogara ga daidaita yanayin da ake yin awon. Wannan sharaɗi shi ne masu talla ba sa faɗa.

Saboda haka wanda zai hau sai ya shirya. Ya sha ruwa yadda ya saba tun jiya, amma ya dakata da ci da sha na kamar awa 4 kafin awo. Kada ya yi ƙwallo ko wani aikin ƙarfi cikin awa 12 da suka gabata, domin jiki mai ɗumi yakan rage turjiya, sai kitsen ya fito ƙasa da gaskiya. Ya yi fitsari, ya wanke tafin ƙafa ya goge. Kaushin hunturu da man da muke laftawa a kansa duk suna shiga tsakanin fata da ƙarfe. Mata su sani kwanakin al'ada jiki yakan riƙe ruwa. Mai azumi kuwa, a ganina, ya bari sai bayan salla. In za a maimaita, a yi a sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, don abin da ya sauya cikin wata uku ya fi lambar rana guda ma'ana.

Akwai wata matsalar da shiri ba ya maganinta. Yawancin lissafin da ke cikin waɗannan na'urori an gina shi ne a kan jikin mutanen Turai da Amurka da Asiya. Turjiya tana ƙaruwa da tsawon hanya, mu kuwa galibi ƙafafunmu sun fi tsawo in an kwatanta da gangar jiki. Bugu da ƙari, sikelin da ake takawa ƙafafu ya fi gani, lantarkin bai cika leƙa ciki ba, alhali kitsen ciki shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya.

Ga mai lafiya lantarkin ba ya cutarwa, ko jin sa ba a yi. Amma wanda likitoci suka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya kusanci sikelin nan ko da wasa. Mai juna biyu ma ta haƙura. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, awonsa aikin asibiti ne. Kuma kada kowa ya bar maganin da likita ya ba shi don neman lamba mai kyau.

Ga malamai 'yan'uwana, in makarantarku ta sami irin wannan sikeli, kada a jera yara ana kiran sakamakonsu a bainar jama'a. Malam ya hau da kansa da safe, ya sake hawa bayan an tashi, a rubuta lambobin biyu a allo, ɗalibai su faɗi abin da ya sauya. Ita kuwa ɗalibata, tef ɗin tela na ba ta. A 2022 hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Ta auna, nata bai kai ba, ta koma cin tuwonta na dare.