Gulbin Zamfara: A Fara Da Kwalekwalen Manomi

'Yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da aka tashi zancen raya ƙasarmu, daga Anka zuwa Adabka da Bukkuyum har Gummi, ba a rasa mai cewa a haƙa mana hanyar jiragen kaya irin ta Turai. Shawarar tana da daɗin ji, domin Gulbin Zamfara yana zuba cikin Gulbin Sakkwato, shi kuwa ya zuba cikin Kwara, wadda ta kai har teku.

Amma da na gaba ake gane zurfin ruwa. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 tana da mashigin jirgi, watau ɗaki mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa har ya ɗaga shi zuwa tafki, ko a rage ruwan ya sauko da shi. A 2009 aka fara yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, a 2019 aka buɗe tashar jiragen Baro. Duk da wannan ɗimbin dukiya, har yau manyan motoci ne ke kai hatsinmu da shanunmu Kudu. Idan haka ta faru ga Kwara wadda ba ta ƙafewa, ina ga gulbin da ke janyewa da rani ya bar yashi?

Matsalarmu ta fi wannan kusa. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. A watan Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma suna ƙetarawa zuwa gonakinsu, aka rasa rayuka da dama. Ba teku suka nufa ba, abincin iyalinsu suka je nema.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa da ke Lokoja su gina matsaya mai ƙwari a kowane maƙetari, su samar da jirage masu inji da rigunan ruwa, su kuma haɗa kai da sarakunan ruwa a ƙayyade yawan mutanen da jirgi zai ɗauka. Mu da za mu riƙe ofisoshin nan gobe, wajibi ne mu tuna cewa ran manomi yana gaban kowane babban aiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na baya.