Baƙin Mai Mai Kauri Ba Ya Warkar Da Sarƙar Inji

A garejojinmu akwai wata magana da ta zauna daram kamar doka: wai mota idan ta tsufa, sai a ba ta baƙin mai mai kauri. Da zarar mai mota ya ce yana jin ƙarar kacau-kacau idan ya tayar da inji da safe, sai bakanike ya ce, "Alhaji, man ne ya yi ruwa, a zuba mata 20W-50." A zuba, ƙarar ta lafa, kowa ya koma gida da murna. Ni ina cewa wannan shawara tana kashe injuna, kuma lokaci ya yi da za a bar ta.

Al'adar tana da asali. Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, manyan makanikanmu a kan irin su 504 suka koyi aiki, kuma wancan injin yana ɗaukar mai kauri lafiya lau. Sai dai motocin da suka cika titunanmu yau wani zubi ne daban. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2006, waɗanda ake shigo da su daga Amurka, 5W-30 kamfanin Toyota ya tsara musu. Honda Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 kuwa 5W-20 ce. Galibi a rubuce yake a kan murfin da ake zuba man, amma wa ke dubawa?

Waɗannan injuna sarƙa suke amfani da ita, wadda makanikai ke kira taimin cen. Ita ke haɗa juyin karanshaf da na kamshaf, domin bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ke bukata. Abin da ke ɗaure ta tamau shi ne tenshina, shi kuma da ƙarfin turin mai yake aiki. Haka ma na'urar VVT-i ta Toyota da VTC ta Honda: mai ke motsa su, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya. Da sanyin asuba a lokacin hunturu, tura mai kauri ta waɗannan hanyoyi tamkar zuƙar kunu mai kauri ne da tsinken shan lemo. Kafin man ya isa, sarƙa ta riga ta yi ta dukan madogaranta na roba.

Sarƙar ma ba miƙewa take yi haka kawai ba. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kuma abin da ke cinye su shi ne man da ya gaji, ya kwashi ƙura da toka. Wanda ke ƙara mai a kan tsoho bai yi juye ba, da wanda ke sayen na awo a gora a bakin titi, su suke kankare sarƙarsu da hannunsu. Ƙarfen da ya riga ya cinye kuwa, babu kaurin man da zai dawo da shi. Ƙarar kawai aka danne, ciwon yana nan yana ci. Ranar da sarƙa ta tsallake haƙora, a injuna da yawa fistin zai daki bawul, aikin da bai wuce canjin sarƙa ba ya koma neman inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka.

Za a ce ƙasarmu akwai zafi. Gaskiya ne, amma injin da ruwansa da fankarsa ke aiki yana tsayawa ne a kusan digiri 90, ko a Sakkwato yake ko a Landan. Idan ya tsufa har yana shan mai, ana iya ɗan ƙara kauri gwargwadon abin da littafin motar ya yarda, bayan an auna an gani.

Bincike na gaskiya ba shi da wuya. A fara duba gejin mai da ingancin filta, domin filta ta jabu tana barin mai ya zurare cikin dare, ta jawo irin wannan ƙara. A auna ƙarfin turin mai da ma'auni. A sa wa motar kwamfuta: lambar P0016 tana nuna karanshaf da kamshaf sun saɓa. Sannan a buɗe a ga yadda tenshina ya fito. Idan sarƙar ce, a canza ta tare da tenshina da madogarai, kada a yi rabin aiki.

Makanikai, sana'ar nan amana ce, ku bar sayar wa mutane shiru a madadin gyara. Kai kuma mai mota, karanta abin da ke kan murfi, ka sayi mai a rufe daga hannun amintacce, ka yi juye da sabuwar filta duk kilomita 5,000 ko wata shida. Idan ka ji ƙara da safe, ka nemi a gano dalilinta kafin a zuba komai.