Ranar Tattaki A Zangunan Hausawa: Wa Za A Fitar, Kuma Ta Wace Hanya?

A manyan biranen Kudu, musamman Ikko da Badun da Fatakwal, ya zama ruwan dare a ga jama'a ranar Asabar da sassafe sanye da riguna iri ɗaya suna tattaki a gefen titi. Wani lokaci ma'aikatan banki ne, wani lokaci 'yan coci ko 'yan wata ƙungiya. Ikko ma tun 2016 take da gasarta ta gudun dogon zango wadda ake yi a watan Fabrairu. Amma da wuya a ga mutanen zango a cikin irin wannan fita. In an tayar da maganar a majalisa, amsar da ake bayarwa guda ce, watau wai Bahaushe a Kurmi kullum a tafe yake, don haka ba ya bukatar wani ya shirya masa ranar tafiya.

Wannan amsa gaskiya ce ga wani kashi na jama'a kawai. Mai tura baro da mai ga-ruwa da mai gyaran takalmi da mai yawo da kayan koli, babu wanda zai koya musu tafiya. Tun da gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 ranar 1 ga Yuni 2022, ta ƙara wasu 4 a watan Satumba na shekarar, sa'an nan aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, talaka ya ƙara yawan tafiyar ƙasa ba don yana so ba. Waɗannan bayin Allah hutu suke nema da abinci mai kyau.

To, amma akwai ɗaya kashin, kuma su ne masu riƙe da tattalin zango. Ɗan canji a Sabo ta Badun yana hawa benci da hantsi, ba ya sauka sai don alwala. Dillalin tumatir a Mile 12 da dillalin shanu a Oko-Oba, in ciniki ya kankama, yara ne ke kai da kawowa, shi kuwa yana zaune da waya a kunne. Direban babbar mota yakan kwana da kwanaki a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, daga kujerar tuƙi sai tabarma a ƙarƙashin mota. Abincin kuma an san shi: shayi mai kauri da safe, shinkafa da mai da nama da rana, tsire da lemon kwalba da dare, goro kuwa ba ya barin baki. Sa'an nan ga matan aure, waɗanda da yawansu ke zaune a ɗaki ɗaya na haya, tsakar gidan ma ta tarayya ce da maƙwabta, ba kamar gida Arewa ba inda mace ke da fili da daka da shara da zuwa gidajen suna. A cikin waɗannan ne hawan jini da ciwon sukari suke yin ɓarna. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana cinikinsa lafiya lau, rana ɗaya a ce ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sai a shiga karo-karon kuɗin motar da za ta mai da shi gida. Kowane zango ya san irin wannan labari, kuma ya san yadda jari ke narkewa a wajen jinya har iyali su koma hannun 'yan'uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. In an raba, rabin sa'a ke nan sau biyar. Tafiya da ɗan sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga, ta wadatar. Ba a sayen na'ura, ba a biyan kuɗin shiga ko'ina. Maganar taku 10,000 a rana da ake yawan ji kuwa, asalinta sunan wata na'urar ƙidayar taku ce da aka fitar kasuwa a Japan a 1965, saboda haka kada dattijo ya ji wannan adadi ya karaya. Wanda bai saba ba, ko minti goma ya fara da shi ya ci riba.

Abin mamaki shi ne a ce jikokin fatake ne ake roƙo su taka ƙasa. Kakannin mutanen zango da ƙafa suka je Gwanja suka ɗauko goro. Da ƙafa aka riƙa koro shanu daga Arewa zuwa Badun da Ikko, kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, har ma bayan isarsa. Wasu da ƙafa suka bi ta Cadi da Sudan suka sauke farali, tafiyar shekaru. Sabo ta Badun da aka kafa a 1916 matafiya ne suka cika ta. Yau kuwa an kai matsayin da Alhaji ke ganin zubar da girma ne a gan shi yana tafiya a ƙasa, kada a ce karayar arziki ta same shi. Wannan kunya ita ce babbar cutar, kuma ita ce dalilin da ya sa nasihar likita ga mutum ɗaya ba ta cika yin tasiri ba. Amma in Sarkin Hausawa da limamin Juma'a da shugaban 'yan canji suka fito gaba a rana guda, jama'a na biye, kunyar ta faɗi. Amfanin yin abin a matsayin biki ke nan.

Shirya shi ba baƙon aiki ba ne ga zango. Masu shirya zagayen Maulidi sun san yadda ake jera jama'a, kuma ƙungiyoyin 'yan agaji suna da horon tsare layi da ɗaukar wanda ya galabaita. Abin da ake bukata shi ne a tsara zango biyu ko uku: kilomita 2 don dattawa da masu ƙiba, kilomita 5 don sauran jama'a, wadda ba ta wuce tafiyar sa'a guda ba, in kuma samari suna son ƙari a ba su. A fita bayan sallar Asuba, a gama kafin rana ta yi zafi. A kauce wa watan azumi da tsakiyar damina, don kowa ya san yadda ruwan Yuni da Yuli ke mai da titunan Ikko. A kauce wa manyan hanyoyi irin titin Ikorodu, inda ko mutum ɗaya tsallakawa yake yi da addu'a. A Badun, alal misali, ana iya tashi daga Sabo a bi ta gefen filin wasa na Adamasingba a ratsa Mokola a sauka a lambun Agodi. Yara da yawa an haife su a Sabo, sun girma, ba su taɓa shiga wannan lambu ba alhali yana kusa da su. A Agege kuma filin wasa na garin ya isa wurin taruwa da wurin watsewa.

Sai dai akwai wani al'amari da ya fi zaɓen hanya nauyi, wanda duk mai shirya wannan abu ya raina shi zai jawo wa jama'a abin da ba a fata. Ɗaruruwan 'yan Arewa suna tafe a jere a titin garin da ba nasu ba, da duku-duku, ba kowa ne zai kalle su a matsayin masu neman lafiya ba. Mazauna Kudu ba su manta da rikicin Shagamu na watan Yuli 1999 ba, wanda ya tashi a lokacin bikin Oro, ko na Mile 12 a watan Maris 2016, ko na kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu 2021. A watan Maris 2025 kuma an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar komawa gida, bisa zargi kawai. A zamanin da kowa ke riƙe da waya, hoton minti ɗaya da ƙaryar da aka liƙa masa sun isa su zagaye gari kafin masu tattaki su kai inda za su.

Saboda haka lalle ne bikin ya zama na unguwa baki ɗaya tun daga tushe. Kafin a buga ko takarda ɗaya, shugabannin zango su je wurin Bale ko basaraken yankin, su je wurin ƙungiyar masu gidaje da shugabar matan kasuwa da shugabannin tashar mota, a nemi su ba da wakilai a cikin kwamiti. Ciwon sukari bai san Bayarabe ko Bahaushe ba, kuma mai gidan haya da ɗan hayarsa in suka jera sa'a guda suna haki tare, gobe in yara sun yi faɗa a bakin famfo maganar za ta fi sauƙin kashewa. Masu gari ne kuma za su faɗi ranakun da ba a fita. Akwai lokutan Oro a garuruwan Yarbawa da ake hana mata fitowa, akwai dodon Oloolu a Badun wanda al'adarsu ta hana mace ta gan shi. A garuruwan Gabas irin su Anacha da Aba da Owerri, hankali ya ba da a nisanci ranar Litinin saboda zaman gidan da aka fara a watan Agusta 2021. Game da 'yan sanda, ko da yake Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba wajibi ne a nemi izninsu kafin taron lumana ba, baƙo ba ya dogara da wannan kaɗai. A rubuta wa babban jami'in 'yan sanda na yankin, a sanar da masu kula da zirga-zirga, watau LASTMA a Ikko, a ajiye kwafin takardar mai hatimi a aljihun shugaban tafiya. Kada kowa ya riƙo sanda ko gora, ko da ta dogarawa ce, sai tsohon da ba ya iya tafiya sai da ita.

Batun mata shi ne inda za a fi jayayya, kuma shi ne inda bukatar ta fi tsanani. Ba dole ne a haɗa su da maza a titi ba. Ana iya karɓar aron filin makaranta ko filin wasa mai katanga, mata su zagaya a ciki da hijabansu, 'yan agaji mata na kula da su, malaman Islamiyya na gaba. Maigidan da ya hana matarsa wannan, ya tuna shi ne zai biya kuɗin allurar sukari in ta kama.

A wurin da za a watse, a tanadi ma'aikatan jinya da na'urar awon jini da ta awon sukari. Wannan ma ya fi rabon riguna amfani. Duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a rubuta masa a takarda a ce ya je asibiti a sake aunawa, don awo ɗaya bayan tafiya ba ya yanke hukunci. Wanda kuma ya san yana da ciwon zuciya, ko yakan ji ƙirjinsa ya ɗaure in ya yi sauri, ya ga likita kafin ranar. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa in ya koma gida, don ƙaramin rauni a ƙafar mai sukari yakan zama babba. Bayan awo sai a zauna a sha koko da ƙosai, a ba makaɗa fili, a ba tsohon da ya fi kowa shekaru a cikin waɗanda suka kammala 'yar kyauta. In babu nishaɗi, baɗi ba wanda zai dawo.

Kuɗin da abin zai ci kaɗan ne: ruwan sha, ladan ma'aikatan jinya, hayar lasifika. 'Yan kasuwar zango za su iya ɗauka ba tare da sun ji a jikinsu ba. Haɗarin yana wurin ɗan siyasar da zai zo da riguna masu hotonsa. Ranar da aka karɓa, bikin ya zama gangamin jam'iyya, rabin jama'a sun janye, masu gari kuma sun fara yi masa wani kallo. Gara a fita da kayan gida.

A garin Naimegen na ƙasar Holan ana yin tattakin kwana huɗu a watan Yuli, wanda aka faro tun 1909, kuma dubun dubatar mutane daga ƙasashe da yawa ke halarta, suna yin kilomita 30 zuwa 50 a kowace rana. Masu zuwa can watanni suke yi suna gwaji a garuruwansu kafin ranar. Haka ya kamata na zango ya kasance. Fita ɗaya a shekara ba ta sauke hawan jinin kowa. Aikin bikin shi ne ya haifar da ƙananan rukunoni, mutum biyar ko goma daga kowane masallaci, waɗanda za su riƙa zagaya unguwa bayan Asuba sau uku ko huɗu a mako kafin a buɗe kasuwa, su da maƙwabtansu da suka saba da su a ranar bikin.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon sukari ta duniya, lokacin ruwa ya ja baya a yawancin Kudu. Zangon da ke son ya fara a Asabar ko Lahadin da ta fi kusa da wannan rana, ya kamata wakilansa su isa gidan Bale da ofishin 'yan sanda tun cikin watan Satumba.